Ranar da injin sassaƙa ya ce ya kai iyaka

A shagonmu da ke wajen 'Yan Katako a Na'ibawa, ni ake kira Injiniya, saboda ni kaɗai injin sassaƙa yake jin maganata. Irin wanda ake ce wa 1325 ne, ɗan birnin Jinan na ƙasar Sin, faɗin teburinsa milimita 1300, tsawo 2500, daidai falle ɗaya na katakon MDF. Ka zana fure a kwamfuta ka tura masa, shi kuma ya bi katako da bakin da ke juyawa har sau 24,000 a minti, kafin la'asar ya gama abin da kafinta zai yi mako yana fama.

Wata Alhamis wani Alhaji ya zo da kansa, cikin farar babbar riga, ya zauna a benci. Ran Asabar za a yi jeren 'yarsa, ɗakin amarya kuwa babu ƙofa. Na ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, yanzu za ka ga aiki." Na kunna inji ina taƙama.

A ƙa'ida, da an kunna shi sai ya koma gida tukuna: layin Z, mai kai bakin sama da ƙasa, ya ɗaga sama, X da Y, na faɗi da tsawo, su tafi ƙarshe, don ya san inda yake. Ran nan ko motsi bai yi ba. Sai ƙara, allo ya rubuto wai X ya kai iyaka. Wace iyaka? Ga kan injin nan a tsakiyar tebur, kowa yana gani.

Na kashe na kunna, wanda shi ne rabin karatun injiniya. Shiru. Na murɗa jan maɓallin gaggawa, na leƙa inbata ko wuta ce ta yi ƙasa, na duba famfon da ke cikin bokiti yana kai wa sifindil, wato abin da ke juya bakin, ruwan sanyaya shi. Komai lafiya. Na ce to ƙura ce, na jawo tiyon kwamfiresa na saki iska iya ƙarfinta. Garin katako ya tashi, bai zame ko'ina ba sai kan Alhaji. Bawan Allah bai ce uffan ba, ya dai cire hula ya dube ta.

Na kira mai gyaran da ya haɗa mana injin, yana Legas. Tambayarsa ta farko, "Ka kashe ka kunna?" Ta biyu, wa zai biya kuɗin jirgi.

Nan maigida ya ja ni gefe, ya rage murya. "Injiniya, jiya wani ya tsaya a ƙofar nan ya ce injin nan yana kawo kuɗi, kuma ban ji ya ce masha Allah ba."

"Maigida, Sinawa ba su sa lambar kambun baka a littafinsu ba."

"Ina suka san mutanenmu?"

Ya aika a samo garwashi da habbatussauda. Garwashi, a shagon da ko'ina garin katako ne! Da ƙyar na roƙe shi aka ajiye kaskon a bakin ƙofa, ya tsaya yana fifita hayaƙin ciki da kwali. Alhaji ya fara tari.

Gudun hayaƙi ne ya sa na durƙusa a bayan injin, sai na hango wata 'yar jar wuta tana ci. A ƙarshen kowane layi akwai 'yar na'ura kamar kan yatsa, ba ruwanta da katako ko ƙura, ƙarfe kawai take ji, shi ma sai ya matso ta da 'yan milimitoci. Da ta ji shi, wutarta ta kama, ta gaya wa kwamfuta an zo ƙarshe, a tsaya. Ta X ce a kunne. Na zura hannu, na zaro cokali, da ragowar koko a jikinsa.

Autan shago ya taho a guje. "Oga, nawa ne!"

"Me ya kai shi nan?"

"Wallahi in na ajiye a fili, masu fenti ne ke ɗauka su dama fenti da shi. Da a ɗaya gefen nake soke shi, yau na ga sun gane wurin."

Jar wutar ta mutu. Na danna, Z ya ɗaga, X da Y suka tafi gida salin alin.

Maigida ya ajiye kwali ya daki kafaɗata. "Ka ga aikin hayaƙi ko?"

Na ɗaga masa cokali. Ya ce, "To wa ya nuna maka shi?"

Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce a cire kuɗin wanki da guga daga kuɗin ƙofa. Auta kuwa yana tsaye da miƙaƙƙen hannu, wai in ba shi kayansa, kokonsa yana hucewa.