Injin Turawa, ƙofar aljanu, da saƙon Gwaggo

Daren jiya bayan isha'i Gwaggona ta Yakasai ta turo murya a gurup ɗin danginmu na WhatsApp, minti bakwai cur. Wani bawan Allah ne yake bayani, muryarsa na rawa, wai Turawa sun haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa sun dasa inji, ranar da suka murɗa shi zuwa ƙarshe wani baƙin rami zai buɗe ya haɗiye duniya, in ma bai haɗiye ba to ƙofar aljanu za ta buɗe. Ta rubuta a ƙasa: "Kai da ka yi boko, gaskiya ne?" Kafin in amsa har ƙannena biyu sun watso hotunan dariya. Wannan dariyar ta fi muryar ɓata min rai.

Injin dai yana nan, ba ƙarya ba ne. Cibiyar bincike ta CERN ce ta gina shi a kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Janiba, ana ce masa LHC. Zobe ne mai kewayen kilomita 27, zurfinsa kamar mita 100. A cikinsa ake koro ƙwayoyin furoton, waɗanda ke cikin cibiyar ƙwayar zarra, wasu ta dama wasu ta hagu, da gudun da ya kusa na haske, sai a gwara su a ga abin da zai tarwatso. Kowace ƙwaya tana zaga zoben sama da sau 11,000 a daƙiƙa guda.

Tsoron kuma ba a Kano aka haife shi ba. A 2008, kafin a kunna injin, wasu mutum biyu, Walter Wagner da Luis Sancho, sun shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Hawayi a Amurka don a dakatar da aikin. Kotu ta ce ba ta da hurumi. Wani farfesa Bajamushe, Otto Rössler, ya kai tasa ƙarar kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ita ma ta ƙi tsayar da aikin. Kenan abin da ya hana Gwaggo barci ya taɓa hana farfesa barci.

Mu Kanawa ma muna da dalilinmu na ɗaga gira in aka ce gwaji. Wanda ya san 1996 ya san annobar sanƙarau, ya san gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a nan garin, gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu tuna abin da gudun tsumma ya jawo mana a 2003 da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna, da kuma daren 2014 da aka tashi mutane wanka da ruwan gishiri saboda Ibola. Saboda haka ni ban ga laifin mai tambaya ba. Laifin da nake gani na wanda aka ba amsa ya ƙi saurara ne, da kuma ɗan bokon da ya iya dariya amma bai iya bayani ba.

Amsar da ta gamsar da ni, ba sai na yarda da Bature kafin in karɓe ta ba. Abin da injin nan yake yi, sama tana yin sa a bisa kawunanmu dare da rana. Ƙwayoyi suna zubowa daga sararin samaniya suna dukan iskar da ta lulluɓe duniya, wasunsu da ƙarfin da ɗan Adam bai taɓa ƙerawa ba. A watan Oktoba na 1991, a jihar Yuta ta Amurka, na'ura ta kama wata ƙwaya guda ɗaya wadda ƙarfin karonta ya ninka na CERN sama da sau hamsin. Haka ake ta yi tun kafin a san Dala da Gwauron Dutse, ga duniya nan, ga wata, ga rana. Masu ƙorafi sun ce ai ko da karon waɗancan ya haifar da ɗan ƙaramin baƙin rami, a guje zai ratsa duniya ya wuce, na injin kuwa zai iya tsayawa a cikin ƙasa ya yi ta ci. Tambaya ce mai ma'ana, kuma an ɗauke ta da muhimmanci: masana suka duba wasu taurari masu tsananin cunkushewa, waɗanda komai gudun abu sai sun tare shi. Da irin wannan baƙin ramin yana cinye abu, da tuni sun ƙare. Suna nan ana kallonsu.

Batun ƙarfin ma akwai abin mamaki. Karo guda na furoton biyu, a matakin da aka kai tun Yulin 2022, bai wuce ƙarfin sauro goma sha huɗu suna shawagi ba. Abin da ya sa ya zama abin magana shi ne an matse shi a wurin da ido ba ya gani. Ba zan ɓoye ba, in aka tara dukkan ƙwayoyin da ke zagaye lokaci guda ƙarfinsu zai narka ƙarfe, amma wannan barazana ce ga injin da kuɗin masu shi. An ma taɓa samun hatsari: kwana tara bayan kunnawar farko ta 10 ga Satumba 2008, wata mahaɗar lantarki tsakanin maganaɗisu biyu ta ƙone, iskar hiliyom ta fashe ta lalata maganaɗisu da dama, aka rufe wurin sama da shekara. Babu wanda ya mutu, mutanen Janiba ma a labarai suka ji.

Inda Turawan suka jawo wa kansu shi ne suna. Ƙwayar Higgs da suka sanar da ganowa ranar 4 ga Yuli 2012, 'yan jarida suka riƙa kiranta da laƙabin da ke jingina ta ga Ubangiji, wa'iyazubillahi. Shi kansa Peter Higgs, masanin da aka sa wa ƙwayar sunansa, bai so laƙabin ba. Ga kuma gunkin Shiba na 'yan Hindu da gwamnatin Indiya ta ba cibiyar kyauta a 2004, yana tsaye a harabarta. Ka haɗa wa Bakano rami a ƙarƙashin ƙasa da gunki da wannan suna, ai ka gama rubuta wa mai murya wa'azinsa. Abin dariyar kuma, shafukan yanar gizon da ake yaɗa jita-jitar a kansu, a CERN ɗin aka ƙirƙiro tsarinsu a 1989.

Da safe na kira Gwaggo na zayyana mata duk wannan, na ce ranar tashin duniya Allah kaɗai Ya san ta, ba ta hannun injiniya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Sauro goma sha huɗu ka ce?" Na ce eh, Gwaggo. Ta ce, "To ai shi ma sauron kisa yake, ɗan nan. In za ka zo ranar Juma'a ka taho min da gidan sauro, nawa ya yage."