Wai gwamnati na biyan masu jinyar gigin tsufa albashi?

Jama'a maganar ga da ke yawo a WhatsApp wai in tsohonka na da ciwon mantuwa, ka cika fom gwamnati ta riƙa turo maka kuɗi duk wata, a Najeriya dai babu wannan tsarin. A Ingila ne ake biyan mai jinya alawus, shi ma sai in yana yin awa 35 a sati wurin kula da majinyacin. Duk wanda ya ce ka turo BVN ko lambar katin ATM na Baba, ɗan damfara ne wallahi.

Abin da muke da shi inshorar lafiya ce, dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da wani asusu na musamman zai biya wa kuɗin inshorar, nan Zamfara hukumar inshorar lafiya ta jiha, ZAMCHEMA, ke rajista, sauƙin magani da ganin likita ne ba tsabar kuɗi a hannu ba. Akwai kuma Hukumar Zakka da Waƙafi a Gusau, a kai koke can.

Amma fa a fara kai tsohon asibiti likita ya rubuta takarda, don tsohon da ke tambayar an yi azahar sau biyar ko ya ɓace hanyar masallacin unguwarsu, ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba sammu ba.