Garin "nano" mai tsotse giya, wai!

Wani bawan Allah mai tallar garin gawayi ya sake dawowa da bidiyonsa, kuma abin takaici har da masu digiri a cikin masu tura shi. Wai garinsa na "nano" ne, wai Turawa sun tabbatar siraran bututun kabon (sinadarin da ya fi yawa a cikin gawayi) da ake kira "nanotubes" suna tsotse barasa da iskar guba, don haka wanda ya sha cokali ɗaya jininsa ya wanke tas. To madalla, a rufe asibitoci kawai a koma wurin malam.

Bututun nan gaskiya ne, ban musa ba. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ne ya bayyana su a 1991. Shimfiɗar kabon ce mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya aka naɗe, faɗin mai bango ɗaya bai wuce nanomita (wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita) ɗaya ko biyu ba. Amma ba sa haɗiye komai. Ƙwayar iska ko ta barasa zuwa take ta lafe a jikin bangon, ko ta maƙale a lungun da ke tsakanin bututu da bututu, kamar yadda ƙura ke kwanciya a gilashin mota. Riƙon kuwa mai rauni ne, irin ɗan jan da masana ke kira na van der Waals. Ka ƙara zafi ko ka rage matsi, ta saki ta kama gabanta.

Wani zai ce ai an yi na'urar gano iskar guba da su. An yi. A shekarar 2000 ɗakin binciken Hongjie Dai a jami'ar Stanford ya nuna idan iskar naitirojin dayoksaid ta lafe a jikin bututun, wutar lantarkin da ke ratsa shi tana ƙaruwa, idan amoniya ce sai ta ragu. Abin burgewa ne, wallahi. Sai dai aikin sanarwa ne bututun ya yi, ya ce ga iska nan ta iso. Bai kashe ta ba, bai narkar da ita ba. Idan aka ɗumama shi ma sakinta yake yi a sake amfani da shi.

Su kansu masanan wannan riƙo ya taɓa yaudararsu. A 1997 aka wallafa a mujallar Nature cewa bututun za su iya riƙe iskar haidirojin mai yawa, wadda ake fatan amfani da ita a madadin fetur, aka yi ta murna an samu tankin motar gobe. A 1999 wasu suka ce nasu da aka sa wa litiyam ya riƙe kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa. Da aka sake gwadawa sai aka gano yawancin nauyin danshin ruwa ne. A zafin ɗaki abin da bututun ke riƙewa bai kai ya kawo ba. Masu na'urorin miliyoyin daloli ke nan, balle kai da turmi da rariya.

Ita barasa ma ta fi son ruwa a kan kabon, shi ya sa ba ta zama. Tana shiga ciki ta wuce jini cikin ɗan lokaci. Ko gawayin asibiti da aka sarrafa musamman, wanda ake ba wanda ya sha wasu magunguna fiye da kima, likitoci sun san ba ya kama itanol (sinadarin da ke bugarwa a giya) ko metanol (wata irin barasa mai guba) yadda ya kamata. Masu cewa "ai ni na gwada na ji sauƙi", hanta ce ta yi aikinta, kai kuma ka biya kuɗin gawayi.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ranar da wani zai sha gurɓatacciyar ogogoro mai metanol, a tsaya ana dama masa garin nan maimakon a ruga da shi asibiti. Metanol makantarwa yake yi, yana kisa. An gani a jihohin Ondo da Ribas a 2015.

Tunda ma maganar gawayi ake, idan sanyi ya kama, don Allah a daina kunna kasko a ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ko launi. Ku faɗa wa tsofaffinku, su ne ba sa jin magana a kan wannan.