Hildegard: sunan da Jamusawa suka bar wa kakanni

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga maƙabarta a Jamus ya tsaya karanta rubutun da ke kan duwatsun kaburbura, zai ga wasu sunayen mata suna ta maimaituwa: Gertrud, Irmgard, Hedwig, Hildegard. A ƙarƙashin sunan ga shekarar haihuwa, galibi tsakanin 1910 da 1930, a gefe kuma ga furanni da 'yar fitila cikin jan gilashi. Ka fito ka bi ta ƙofar makarantar yara lokacin tashi, Emilia da Mia da Emma kawai za ka ji iyaye suna kira. Hildegard ya zama sunan tsofaffi, irin kallon da wasunmu ke yi wa Delu da Kande. Ni dai abin yana min ciwo, domin a ganina cikin sunayen matan Jamus kaf babu mai nauyin wannan.

Kalmomi biyu ne na tsohon Jamusanci aka haɗa. "Hild" shi ne yaƙi. "Gard" kuwa shinge ne, wurin da aka zagaye aka killace, kuma tushensu ɗaya da "Garten", wato lambu a Jamusancin yau, tunda lambu ai sai da shinge. Ku duba fa, jaririya ce ake raɗa wa suna da yaƙi. Kuma ba ita kaɗai ba. Mathilde ƙarfi ne da yaƙi, Gertrud mashi ne da ƙarfi, Brunhild sulke ne da yaƙi.

Inda nake saɓawa da shafukan fassara sunaye shi ne yadda suke gyara ma'anar ta fito sumul, su ce maka "mai ba da kariya a fagen fama". Jamusawan dā sau da yawa ɗauko rabin suna suke yi daga na uba ko uwa ko kaka, su haɗa da wani rabin, don a gane jinin gidan. Ba lallai ne haɗin ya ba da jimla mai ma'ana ba. Hedwig ma ya isa hujja, domin rabinsa na farko yaƙi ne, na biyun ma yaƙi ne. Saboda haka na fi son a bar Hildegard yadda yake, yaƙi da shinge, kowanne da nauyinsa.

Sunan ya daɗe. Matar Sarki Charlemagne da ta rasu a 783 Hildegard ce. Amma wadda ta sa duniya ta san shi ita ce Hildegard ta Bingen, wadda aka haifa a 1098. Tun tana ƙarama iyayenta suka miƙa ta ga zaman ibada a Disibodenberg, wani gidan ibadar Kiristoci na maza mai ɓangaren mata. Da ta zama shugabar matan wurin, sai ta kwashe su wajen 1150, duk da shugaban mazan bai so ba, ta kafa nasu gidan a Rupertsberg, kusa da Bingen a bakin kogin Rhine. Ta yi rubutu kan tsirrai da magunguna, ta tsara waƙoƙin ibada fiye da 70 waɗanda har yau ake rerawa, ta kuma rubuta wa Sarki Friedrich Barbarossa wasiƙar gargaɗi ba tare da shakka ba. A 2012 Paparoma Benedict na 16 ya sanya ta cikin manyan malaman cocin Katolika, matsayin da mata huɗu kaɗai ke da shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na ƙarshen rayuwarta. Tana da shekara 80, aka binne wani mutum da aka taɓa kora daga coci a maƙabartar gidan ibadarta. Limaman cocin birnin Mainz suka ba da umarnin a tono gawar a fitar. Tsohuwar nan ta ce faufau, mutumin ya tuba kafin ya cika, ba wanda zai taɓa kabarinsa. Suka hukunta gidan gaba ɗaya, har da hana su rera waƙar ibada, ita da ta ƙare rayuwarta tana tsara waƙa. Watanni gidan ya yi tsit. Ba ta ɗaga murya a titi ba, alƙalami ta ɗauka ta yi ta rubutu tana kare matsayinta, har aka janye hukuncin a 1179. A ranar 17 ga Satumba na shekarar ta rasu.

Yanzu Mathilda da Frieda da Ida sun dawo, ana ta raɗa wa jarirai a Jamus. Hildegard har yanzu yana can kan duwatsu, wai ya yi nauyi a baki. Wallahi da ni Bajamushe ne aka haifa min 'ya mace, da wannan sunan zan sa mata, in ya so a gida a riƙa kiranta Hilde.