Wayar da ta faɗi bayan buhun gero

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Makon jiya a unguwarmu, nan Mabera, wani matashi ya haura katangar maƙwabcina da tsakar dare. Har takalmansa ya tuɓe don kada a ji sawu. Ya lallaɓa ɗakin ajiya, ya kinkimi janareta ya fice, ko kaza ba ta farka ba. Ashe da ya sunkuya ɗaukar kayan, wayarsa ta sulluɓe daga aljihu ta faɗa bayan buhun gero.

Ana dawowa sallar asuba sai waya ta hau ƙara. Mai gida ya duba, ya ga an rubuta "Inna". Yana ɗauka sai muryar tsohuwa: "Kai, ina ka kwana? Tun jiya ban runtsa ba."

Unguwa ta sha dariya, kowa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni kam dariyar ta maƙale mini. Mutumin da ya tuna da takalmi bai rasa wayo ba, Allah ne Ya yaye masa sutura. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Manzon Allah (SAW) ya ce Allah Yana yi wa azzalumi jinkiri, amma idan Ya kama shi ba zai kuɓuce ba. A Suratu Yasin, aya ta 65, an faɗa mana za a rufe bakuna, hannaye su yi magana, ƙafafu su ba da shaida. Ranar ba a buƙatar waya ta faɗi.

To mu masu dariya fa? Mai tauye mudu a Sabuwar Kasuwa, da mai ƙara sifiri da biro a ofis, da wanda dukiyar marayu ta kwana hannunsa shekara da shekaru yana cewa juya musu yake yi, duk ba su haura katanga ba. Tasu wayar ce dai ba ta faɗi ba tukuna. Na fara da kaina, wallahi.

Samari sun so a ba su yaron su yi masa dukan kawo wuƙa, dattawa suka hana, aka kai magana gaban mai unguwa. Da hantsi sai ga tsohuwar da kanta, ta sa almajirai biyu sun turo janaretan a baro. Ta durƙusa a zaure, ta rufe fuska da mayafi, ta kasa ɗago kai ta dubi kowa.