Robar beyar

Masu tambayata ina hotunan dutse, ga bayani sau ɗaya, don Allah kada wani ya sake kirana a kan maganar nan.

Tun Fabrairun 2023 na kama mana takardar izinin kwana a dajin tsaunukan Sierra Nevada da ke Kaliforniya a Amurka, ta hanyar Onion Valley zuwa mashigar Kearsarge, wadda tsayinta ya haura mita 3,500. Wata shida kafin ranar tafiya suke sakin gurabe a intanet, ƙarfe bakwai na safe, kafin ka gama bismilla an wawashe. Na samu na mutum huɗu: ni, Likita, Injiniya da Ango. Na zaɓi wajen ƙarshen Agusta saboda a shekara mai hankali lokacin ƙanƙara ta narke, rafuka sun ja baya, sauro ya yi bankwana. Ashe hunturun nan ba mai hankali ba ne. A Mammoth, wani wajen wasan zamiya a tsaunukan, nan kaɗai dusar ƙanƙarar da ta zuba ta kai wajen mita 18, mutane suna wasan zamiya har 6 ga Agusta. Titin Tioga na gandun dajin Yosemite, da aka saba buɗewa a Mayu ko Yuni, sai 22 ga Yuli aka iya buɗe shi. Komai ya matsa gaba da wata guda ko fiye, har sauron. Ango ya fara zamewa, wai amarya ta yi mafarki.

To, sai na tafi kantin kayan daji in sayo abin da ya rage. Yarinyar da ke kula da wajen ta zauna da ni tsakani da Allah. Ta ce rafi da sassafe ake tsallake shi, kafin rana ta narko da ƙanƙarar sama, kuma a kwance maɗaurin jaka na ƙugu, don in ruwa ya ja ka ka iya yar da ita. Ta ba ni ƙayoyin ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi, da ragar rufe fuska saboda sauro. Ta ɗauko wani gatarin ƙanƙara ta ce na taɓa hawa dutse? Na ce na sha hawa. Ta ce wanne? Na ce Dala da Goron Dutse. Ta gyaɗa kai cikin girmamawa, ta ce ba ta taɓa jin su ba, a wace nahiya suke? Na ce suna da nisa.

Har nan da mutuncina. Sai aka zo kan robar beyar.

A dajin nan doka ce, duk abin da ke da ƙamshi cikin wata roba mai kauri ake kulle shi da dare, a ajiye nesa da tanti, saboda beyar, ƙatuwar dabbar dajin da ke bin ƙamshin abinci. Abinci, man goge baki, sabulu, har turarena na tsinke da na ce ba na tafiya babu shi. Kamanninta ɗaya da robar sukarin mai shayi, sai dai tsada. Yarinyar ta murɗa murfin ya ce ƙas-ƙas, ta miƙo min ta ce in gwada buɗewa, tana zuwa.

Na murɗa. Ya zo wani wuri ya tsaya. Na ƙara ƙarfi. Shiru. Na duba murfin, ga zanen yatsa da kibiya, na danna inda kibiyar ta nuna har farcena ya yi fari. Na mayar da ita hannun hagu. Na sa ta a hammata. Na zauna a bencin gwada takalma, na matse ta tsakanin gwiwoyi, na kama murfin da hannu biyu ina nishi. Ku tuna fa, jakar gwaji tana goye a bayana, wadda suka cika da buhunan yashi don in ji nauyinta, kuma ragar sauron tana kaina tun ɗazu, na manta ban cire ba. Haka nake zaune a tsakiyar kanti ranar Asabar, fuska a lulluɓe, gumi yana bin wuyana, ina kokawa da roba. Wani yaro ya ja rigar uwarsa yana nuna ni. Uwar ta kawar masa da kai, ita kuma ta ci gaba da kallo ta wutsiyar ido.

Amma duk ba su suka ƙona min rai ba. Akwai wani dattijo, gemu fari fat, gajeren wando, ƙwauri duk jijiya, yana jingine da kantar taswira yana cin gyaɗa daga aljihu. Tun murɗawar farko yake kallona. Bai yi dariya ba, bai taimaka ba, gyaɗarsa kawai yake jefawa a baki ɗaya bayan ɗaya. Irin mutanen nan ne da suka yi ritaya suka mayar da kanti wajen hira. Na tabbata ko allura bai saya ba ranar. Sai da ya ga na fara dukan murfin da tafin hannu sannan ya tako a hankali, ya tsaya a kaina, ya ce ko na san a tsaunukan Adirondack na jihar New York an yi wata beyar da ta koyi buɗe irin wannan robar da haƙoranta? Ya ce ƙarama ce ma, an maƙala mata alama ruwan ɗorawa a kunnuwa biyu, har jaridu sun yi labarinta. Ya faɗa, ya tsaya yana jiran amsa.

Me zan ce? Na ce masha Allah.

Ya karɓi robar, ya danna gefen murfin da babban yatsa, na ji ƙas, ya sake dannawa, ƙas, ta buɗe. Hannu ɗaya. Ɗayan hannun yana cikin aljihun gyaɗa. Sannan, don Allah ku ji mugunta, ya mayar da murfin ya kulle, ya miƙo min, ya koma inda yake jingine. Daga baya na bincika, labarin beyar gaskiya ne, kuma wannan ya fi komai ɓata min rai. Har yau in na tuna ƙwaurin mutumin nan sai in ji abinci ya fita kaina.

Da yarinyar ta dawo na ce mata robar ta yi, a sa min a lissafi.

Kuskuren da ba nawa ba shi ne Likita da ya ji labarin ya kai wa Injiniya. Injiniyan da tun Afrilu ba ya aikin komai sai turo bidiyon rafuka suna ambaliya ƙarfe ɗayan dare, yana rubuta "Amirul tafiya, a duba mana." Mutumin da har yanzu bai biya dala 5 na gurbinsa ba. Dala 5! Kullum sai ya ce ba shi da canji, alhali ta waya ake turawa. Shi ne yanzu in na kira shi yake ɗauka da "Ranka ya daɗe, ta buɗu?" Kilishin da ya yi alƙawarin madam za ta gasa mana a tanda ma ƙamshinsa ba mu ji ba.

Tafiyar kuwa, jaka a ɗaure, mota cike da mai, sai ga guguwar Hilary ta taso daga tekun Fasifik ta gefen Meziko ta shigo Kaliforniya ranar 20 ga Agusta. Ruwa ya yanke hanyoyi a gabashin tsaunukan, hamadar Death Valley ma da ba ta san ruwa ba sai da aka rufe ta makonni. Likita ya ce shi dama yana da aiki. Muka haɗu gidan Ango muka ci shinkafa da wake.

Gatarin ƙanƙara yana nan sabo fil, wanda yake so ya yi min magana. Rasit ɗin ne ban san inda na sa shi ba.