Ni da Hawan Kibo

Taubashina da ke zaune a Bukur ne ya ja mini. Na je Jos hutun Babbar Sallah, muna shan shayi ya ce gobe shi da abokansa za su hau keke su je kallon ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse, kimanin kilomita 60 daga gari. Ya dubi tumbina ya ce, "Kai Bakano, zauna gida ka yi mana gadin nama." Zuciya ta ɗebe ni. Ni da na shekara bakwai ina taka keke daga Kurna zuwa Kantin Kwari, wa zai nuna mini feda? Na manta Kano shimfiɗe take kamar tabarma, Jos kuwa a kan tudu take, tudun da ya haura mita 1,200.

Su kekunansu masu giya ne, har da hular kwano. Ni kuwa aka aro mini baƙin Phoenix na mai gadi, sirdinsa naɗe da tsumma.

Har muka wuce duwatsun Riyom ni ne a baya, ina haki kamar rago a rana. Can sai hanya ta sunkuya. Keke ya fara tafiya da kansa. Na wuce su ɗaya bayan ɗaya, kaftanina yana kaɗawa, har da waiwaye: "Taubashi, ina giyar taku?" Da kwana ta matso na matse birki. Ya yi ƙiii, shi ke nan aikinsa. A nan na tuna inda nake: Hawan Kibo, gangaren da ko direbobin tirela sai sun yi salati kafin su sauka. Na karanto duk addu'ar da na haddace, har da ta cin abinci. Na kafa ƙafafu a kwalta, silifas ɗaya ya tsinke ya yi nasa wuri, ni da keke muka yi sallama da titi muka baje a gonar acca.

Wata tsohuwa da ke ciyawa ta ɗago, ta ƙare mini kallo, ta ce, "Sannu ɗana. Kai kaɗai ne, ko da saura a sama in matsa?"

Ruwan dai, in faɗi gaskiya, ya cancanci zuwa. Muka ajiye kekuna muka gangara a ƙafa ta cikin duwatsu da bishiyoyi. Tun daga nesa kake jin rugugi, ga shi fari fat yana zubowa, feshinsa mai sanyi kamar daga firiji. Na hau wani dutse don a ɗauke ni hoto, ashe gansakuka ce a kai. Hoton ya fito da ƙafafuna a sama. Silifas na biyu ma ruwa ya tafi da shi.

La'asar ta yi, taubashi ya nuna mini hanyar da muka gangaro, ta miƙe tsaye kamar katanga. "Bismillah, gwanin Kurna."

Motar doya na tare. Yaron mota ya caji keken fiye da ni, wai shi ba ya iya riƙe kansa. A kan doya na shiga Bukur, ƙafa ba takalmi.

Mai gadi ya karɓi kekensa, ya shafa sirdi, ya ce, "Af, Alhaji, na manta ban gaya maka ba. Da ƙafa ake tsayar da shi."